Falwayar Haladu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da iska ta tona mini asiri a kan falwayar da Haladu ya ƙwace mini.

Ƙwacewa ya yi, babu wani suna da za a ba abin. Da aka jawo wuta ƙauyenmu daga Ɗambatta, a ƙofar gidana ma'aikata suka yi alamar falwaya, wato turken wuta na siminti. Haladu, ɗan ƙanin babana kuma maƙwabcina, ya ja su zaure, aka dama fura, aka yanka zabi. Washegari turken siminti ya koma ƙofarsa, ni aka kafa mini na katako a bayan gida, kusa da rumbu. Tun daga nan duk wanda ya hau mota sai ka ji ya ce, "Direba, a sauke ni falwayar Haladu." Ni na yi firamare har aji biyar, shi ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma sunansa ne a bakin kwandasta.

Kowane turke an ɗaura masa wata waya mai kauri, an ja ta an binne a ƙasa, wai ita ke riƙe shi idan iska ta taso. Tawa ta faɗa cikin gona, daidai inda shanun huɗa ke juyawa. Mu kuwa gonakinmu a matse suke, taku ɗaya ma gero ne. Sai na tone ta, na kwance, na ba matata Maimuna ta yi igiyar shanya. (Ta ce tun da muka yi aure ban taɓa kawo mata abu mai ƙwari irinta ba.)

Shekarar ta yunwa ce, wasu har dusa suke tankaɗewa. Ɗan geron da ya rage a rumbuna shi ne abincinmu har kaka, shi ne kuma irin shuka.

Ina kasuwar Ɗambatta hadarin farko ya taso da azahar, da iskar da ta kwashe rumfuna. Da ruwa ya tsagaita muka cika mota sai gida. A hanya wani mai babur ya gaya wa direba cewa falwaya ta faɗi a layinmu, ta danne wani abu.

"Alhamdulillahi!" Haka ya kuɓuce mini, da ƙarfi.

Maimakon in yi shiru, sai na buɗe makaranta. Na ce siminti ba ya lanƙwasa, karyewa yake, katako kuwa yana bin iska. Na ce duk abin da aka samu da fura da zabi ba ya albarka. Inna Tabawa, surukar Haladu, ashe tana bayana.

"Malam, a dai bari a isa," in ji ta.

"Direba," na ce, "a sauke ni falwayar Haladu, in akwai saura!"

Akwai saura. Tana nan tsaye kamar soja, wayarta a ɗaure tamau. Tawa ce ta kwanta a kan rumbuna, ta tuge jinkar, ta tsaga bangon. (Allah ya taimaka an daɗe ba a kawo wuta ba.) Haladu kuwa da 'ya'yansa, cikin ruwan nan suka kwashe dammunan gerona kaf suka kai zaurensa. Ko ɗaya bai jiƙe ba.

Jama'a sun taru. Liman ya dubi ramin da na tone wayar, ya leƙa ta inda dangar gidana ta faɗi, ga zanen Maimuna yana ɗiga a kan wayar gwamnati. Bai ce komai ba. Inna Tabawa ce ta ce komai, har da kwaikwayon muryata.

Ranar na koyi cewa kafin ka yi wa turken wani mugun fata, ka fara tuna a kan me matarka take shanya.

Haladu ya share laka daga fuskarsa, yana danne dariya.

"Yaya, an ce jaje ka taho yi mini?"

Na dube shi ido cikin ido na ce, "Allah ya saka da alheri, Haladu, ka ceci gidana. Amma ko a gaban Allah, falwayar nan tawa ce."