Rasuwar Iya ta Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da rasuwar Iya, tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina a ofishinmu na sayar da kaya ta intanet. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara tara a bakin aiki.

Marigayiyar ita ce ma'ajiyarmu ta wucin gadi. Duk shafin da masu saye suka cika nema, Iya kan riƙe kwafinsa a kusa, ta miƙa nan take, ba sai an je an taso babban rumbun bayanai ba. Ba a taɓa jin ta da ƙorafi ba. Iyakarta "wuuu" na fanka, sai "ƙit-ƙit" idan aiki ya yi mata yawa.

Ciwon ajalinta daga fayil ɗin saiti ya taso. A nan ne ake zaɓa wa manhaja inda za ta riƙa ajiya, da wa'adin share abin da aka ajiye. Ranar Litinin wani bawan Allah ya so yin gwaji, ya cire wa'adin, ya ce a tura wa Iya komai, har da hotunan kaya. A zatonsa fayil ɗin gwaji ya buɗe, ashe na gaske ne. Iya ta yi ta karɓa ba ta zubarwa, jikinta ya yi zafi rau, ta yi "tiiit" sau uku, sai ƙauri ya tashi.

Wannan bawan Allah ni ne. A ofis ana ta cewa tsufa ne, ni ma ina gyaɗa kai. Kwana biyu ke nan, ko ƙofa aka turo sai gabana ya faɗi. Tsoro nake ji, wallahi.

Ta rasu ta bar rumbun bayanai yana nishi shi kaɗai, da shafukan da ba sa buɗewa sai mai saye ya gaji ya tafi, da Manaja wanda ya daina amsa gaisuwa.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe goma a ofishin Manaja. Kafin a kai ta ɗakin tarkace, babban injiniyanmu zai buɗe tarihin fayil ɗin a gaban kowa, inda ake ganin sunan duk wanda ya taɓa shi. Ana roƙon masu zuwa su taho da kwali biyu: ɗaya na Iya, ɗaya na kayan teburina.