Tufan Ya Rasu Cikin Leda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ana sanar da 'yan wasan katin Mayaƙan Gajimare na birnin Dhaka da kewaye rasuwar Tufan, ƙunshin kati sittin na Shiuli, 'yar gidan Mofazzal Hossain. Ya cika ne da safiyar gasar ƙasa ta ƙarshe, a kan teburin alƙali, a gaban jama'a. Ya rasu yana sheƙi. A duk tsawon rayuwarsa bai taɓa yin kyau irin na ranar ba.

An haifi marigayin a Nilkhet, a lungun masu tsofaffin littattafai, ranar da Shiuli ta je neman littafin haɗa magunguna ta dawo da wani ɗan ƙunshi mai hoton mace riƙe da walƙiya. Ba a yini ɗaya ya zama mutum ba. Kati-kati ya taru, wani ta hanyar musaya, wani bayan dogon roƙo, wani kuma bayan ta yi ta taka sayyada zuwa makaranta tana kallon masu keken haya suna wuce ta. Ta raɗa masa suna Tufan, wato guguwa, saboda halinsa a fagen wasa. Zai yi shiru har abokin karawa ya fara murmushi, sai kawai ya fito da babban katinsa, Sarauniyar Walƙiya, a nemi rufin gidan mutum a rasa.

Duk mai neman tarihin gasar ƙasa, da a jikin marigayin ya kamata ya karanta shi, domin babu wadda aka yi ba da shi ba.

Ta farko a saman wani shagon dafa-dukar shinkafa da ake kira biriyani aka yi ta. 'Yan wasan ba su cika benci huɗu ba, kuma Shiuli kaɗai ce mace, har mai shagon ya tambaye ta ko an aiko ta kiran yayanta ne. Ana tsakiyar wasa wuta ta ɗauke, aka ƙarasa da fitilun waya. Tufan ya faɗi da wuri, ya kuma dawo gida da tabon maiƙo a gefen Sarauniya, tabon da bai taɓa fita ba. Wani dogon saurayi mai suna Shuvro ne ya ci, aka ba shi kwalin alewar madara, kowa ya sa hannu aka cinye a wurin.

A shekara ta biyu sababbin katuna suka maƙale a tashar jiragen ruwa. Rabin 'yan gasar da hoton kwafi suka yi wasa, baƙi da fari, an yanka da almakashi. Shuvro ya sake ci, kuma katin da ya ci da shi ko launi ba shi da shi. Babu wanda ya yi ƙorafi. A yi haƙuri a riƙe wannan, za a dawo kansa.

Sai shekarar ambaliya, wadda aka zo gasa da wanduna a naɗe, Shiuli kuwa ta ɗauko Tufan a kanta cikin tukunyar shinkafa mai murfi. Bayan nan ne kamfanin da ke buga katunan, can ƙetare, ya tuna da akwai mu a duniya. Aka mayar da gasar babban kanti mai na'urar sanyi. Aka kawo alƙalai masu baƙaƙen riguna, da dokoki masu yawa, da kujera guda ɗaya tak a gasar Asiya ga wanda ya zo na ɗaya. Sau biyu Tufan ya kai wasan ƙarshe, sau biyu ya dawo da na biyu. A bana kamfanin ya aiko da saƙo mai ladabi cewa kasuwarmu ba ta kai a ci gaba da wahala da ita ba. Wannan gasar ita ce ta ƙarshe, daga ita an rufe kujerar.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da kawaici. Bai taɓa maƙalewa a hannu ba. Idan ana cuɗa shi yakan ce frrrt, a hankali, kamar tantabara ta tashi daga kan rufi. Idan aka ajiye katinsa a tebur yakan ce tas, sau ɗaya, ba ya ƙarawa. Shiuli yarinya ce da muryarta ke rawa idan za ta tambayi farashin albasa, amma da Tufan a hannunta an ga maza masu gemu suna share gumi a gabanta. Kuma, cikin kyawawan halayensa, bai taɓa tambayar ta yaushe za ta daina ba.

Wannan tambayar ta Abbu ce, mahaifinta.

"Har yanzu kina kan kartar nan taki?"

"Ba karta ba ce, Abbu."

"Ana rabawa?"

"Ana rabawa."

"Wani ya ci, wani ya faɗi?"

"E, amma..."

"To karta ce. An dai yi mata zanen aljanu."

A ƙarshe suka yi yarjejeniya: ta yi gasar bana, daga nan ta rufe akwatin katunan ta fuskanci karatunta. Shiuli ta yarda ba gardama, domin ta san a bana babu wanda zai tsaya wa Tufan.

Kafin a bayyana ciwon ajali, dole a yi wa Abbu adalci. Yana saurayi ruwa ya shiga ɗakinsu ya ci takardar shaidar karatunsa. Da idonsa ya ga sunansa yana narkewa. Saboda rashin wannan takardar ya tsufa yana ƙaramin akawu, waɗanda ya koya wa aiki suna wuce shi. Tun daga lokacin, duk abin da yake da daraja a idonsa sai ya kai shi Nilkhet an yi masa lamineshin, an manne shi tsakanin leda biyu da injin mai zafi. Takardar haihuwar Shiuli, takardar gida, hoton marigayiya mahaifiyarta, har takardar maganin hawan jininsa. A gidan nan, leda ita ce lambar girma. Lokacin da Shiuli ta kawo takardar yabo ta zuwa na biyu, Abbu ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya miƙa mata kayarta tsirara. Ta gane abin da yake nufi.

Ciwon ya fara ne daga wani maƙwabci mai kyakkyawar niyya, wanda ya nuna wa Abbu bidiyon wasanta na bara a waya. Ga 'yarsa a zaune, ga jama'a a tsaye, ga mai sharhi yana kiran sunanta da sunan mahaifinta har muryarsa na dushewa. Abbu ya sa tabarau ya ce a maimaita masa.

Ana gobe gasa Shiuli ta tafi asibitin da take koyon aiki. An yi kwanaki ana ruwa, bango yana gumi, gishiri ya jiƙe a kwalba. Abbu ya dubi akwatin a kan teburinta, ya dubi sama, ya ɗauki lema.

Da ta dawo da yamma, ta iske marigayin a shimfiɗe a kan gado, layi-layi, kamar kifin da aka shanya. An tuɓe wa kowane kati rigarsa mai laushi da 'yan wasa ke sa wa katuna don kariya, an tura shi cikin zafi, an datse masa kusurwoyi da almakashi. Abbu yana tsaye a bakin ƙofa da hannuwa a baya, yana ƙoƙarin ɓoye fara'arsa.

"Zo ki gani, uwata. Yanzu ko a kogin Buriganga kika jefa su, babu abin da zai same su. Mai shagon ya so ya sa 'yar siririya, na ce a'a, sa mai kauri, irin ta takardar gida."

Ta tattara su ta gwada cuɗawa. Babu frrrt. Sai ƙwal, ƙwal, suka zame daga hannunta suka watse har ƙarƙashin gado. Ta durƙusa tana tsinta, ta daɗe a can ƙasa fiye da yadda tsintar take buƙata.

"Na gode, Abbu," in ji ta.

Ta buga wa duk wanda ta sani waya tana neman aron katuna. Kamfanin ya daɗe da daina fitar da Sarauniyar Walƙiya, kuma 'yan ƙalilan da suka rage a ƙasar gobe za su kasance a hannun waɗanda za su kara da ita. Wani ya ce ta yi haƙuri. Wani ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da safe Abbu ya fito sanye da farar rigarsa ta Idi, ya ce zai raka ta. Bai taɓa zuwa ba. A bakin zauren ya saya mata ruwan kwakwa, yana ta gaya wa mai sayarwar cewa 'yarsa ce za ta je ƙasar waje.

Babban alƙalin da ke duba katuna kafin a shiga shi ne Shuvro, yanzu da tumbi da baƙar riga. Ya buɗe akwatin, ya ɗauki kati ɗaya ya ƙwanƙwasa shi a tebur.

"Shiuli, mene ne wannan? Katin shaidar ɗan ƙasa kika kawo mana har sittin?"

Ta kira shi Bhaiya, wato yaya, don girmamawa. "Bhaiya, su ne. Ka san su. Duba, ga ma maiƙon biriyanin nan."

"Na san su. Amma wannan ya kumbura, wannan ya lanƙwashe, wannan an datse shi ya fi ɗan'uwansa. Ido a rufe za ki gane kowanne da yatsa. Doka ta hana."

"Da hoton kwafi ka ci gasa, Bhaiya. Ni na ara maka almakashin."

"Wancan zamani daban ne," in ji Shuvro. Teburin yake kallo.

Sai Abbu ya matso, ya gyara tsayuwa irin ta mutumin da ya yi shekaru yana bin ofisoshi.

"Ɗana, saurara. Takardar haihuwar yarinyar nan haka take, gwamnati ta karɓa. Takardar gidana haka take, kotu ta karɓa. Kai wace hukuma ce?"

Layin ya fashe da dariya, ana ta kiransa Chacha, wato baffa.

"Chacha, mu ma a yi mana namu!"

"Baffa ya yi wa Sarauniya fasfo!"

"Chacha, shinkafar gidanku ma sai an sa mata leda ake ci?"

Abbu ya waiwaya yana kallon fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dubi 'yarsa. Ita ce kaɗai ba ta dariya, kuma a fuskarta ya karanta.

"Wato ɓatawa na yi?"



"To ai ana cirewa," in ji shi da sauri. "Abin da aka manna ana ɓarewa. Ɗana, ba mu minti kaɗan."

Ya zaro daga aljihu rezar da yake fiƙe fensir da ita, naɗe cikin takarda. Ya ɗauki Sarauniyar Walƙiya. Shiuli ta san abin da zai biyo baya, kowane ɗan wasa a layin ya sani. Ta so ta riƙe masa hannu. Hannunta bai tashi ba, kuma har yau ba ta san ko tsoro ne ya hana ta ba, ko kuwa so take ya gani da idonsa.

Ya tsaga gefen a hankali, da irin kulawar da yake yi wa takardun mutane. Ya kama bakin ledar ya ja.

Shaaat.

Wannan ne sautin marigayin na ƙarshe. Ledar ta taso da fuskar Sarauniya, da walƙiyarta, da tabon maiƙon. Abin da ya rage a hannun Abbu farar takarda ce mai gashi-gashi. Masu dariyar suka shiga duba wayoyinsu.

An yi gasar. Kofin da kujerar Asiya sun tafi hannun wani saurayi da Tufan ya sha korawa gida tun kafin azahar. Ana taya shi murna.

Marigayin ya bar akwati ɗaya na katako, da riguna sittin masu laushi waɗanda yanzu babu mai sa su, da shimfiɗar wasa, da 'yan lido biyu. Ya bar Shiuli, wadda ta cika alkawari ta koma ga littattafanta, kuma muryarta ta koma rawa a gaban mai albasa. Ya bar Abbu, wanda tun ranar bai sake cewa karta ba. Bai sake cewa komai ba a kan batun. Sabuwar takardar fanshonsa tana nan kan tebur tsirara, damshi ya fara naɗe mata gefe. Shiuli ta gani.

Game da jana'iza, iyalan sun shiga matsala. An so a binne shi, aka tuna ƙasa ba za ta iya cinsa ba. An so a ba kogi, Abbu da kansa ya riga ya shaida ruwa ba zai taɓa shi ba. Wuta kuwa, hayaƙin leda zai haɗa mu faɗa da maƙwabta. Saboda haka za a kwantar da shi a kabad mai gilashi, kusa da hoton mahaifiyar Shiuli, inda zai ci gaba da sheƙi bayan duk mun ruɓe.

Za a karɓi gaisuwa ranar Juma'a bayan la'asar a saman shagon biriyanin da aka fara. Shuvro yana iya zuwa, amma ya bar baƙar rigar a gida. Waɗanda suka yi dariya a layi su ma suna iya zuwa, da sharaɗin idan sun ga wani dattijo a kusurwa yana juya rezar fensir a hannu, su gaishe shi da ladabi su wuce. Jin haushinsa haƙƙin 'yarsa ne ita kaɗai, ita ma ɗin ba ta iya shi sosai ba.

An liƙa kwafin wannan sanarwa a bangon lungun Nilkhet, a fili, inda babu rumfa. Ana roƙon duk mai tausayin da ya gan ta tana jiƙewa, don Allah, ya bar ta.