Malam Doka-ta-ce da Amyar Abarshi

Allah Ya yi wa ƙasar Birnin Gwari baiwa iri-iri: ga daji, ga rafuka, ga dawa mai cika rumbu. Amma tsofaffinmu sun ce duk ba a ga baiwa ba sai shekarar da ake tsakiyar yaƙin Turawa, da aka aiko musu Malam Salmanu, Malamin Daji. Kai, ranar ko itatuwa sun san an yi babban baƙo.

Wata shida cur ya yi a Zariya yana karatun daji, a cikin ɗaki mai rufin kwano. Ya dawo da gajeren wandon kaki, da safa har gwiwa, da sanda mai bakin ƙarfe, da hular Turawa wadda ta yi masa yawa, sai ya cusa takarda a ciki take zama. Ga turare. Malam ba ya fita sai ya yi wanka da turaren kanti. Ƙamshinsa kan riga shi isa kasuwa, ya yi sallama, ya zauna yana jiransa.

Ilimi kuwa, sai dai a ce tubarkalla. Ya san sunan kaɗanya da Turanci, da na maɗaci, da na ɗorawa. Abin da ya rage masa ɗan kaɗan ne: in ka tsayar da shi a gabansu bai san wacce ce wacce ba. Shekara biyu yana riƙe da gandun daji, ko ƙaya ba ta taɓa kama safarsa ba. Iyakarsa bakin gandu. Nan zai tsaya ya nuna daji da sanda ya ce, "Duk wannan a tafin hannuna yake." Inda ba ƙasa, ai nan ake gardamar kokawa.

Ba ya buɗe baki sai da "Doka ta ce." Mace ta tsinci ƙirare, doka ta ce. Tsoho ya ɓare sassaƙen magani, doka ta ce. Matan kasuwa suka gaji, suka raɗa masa suna Malam Doka-ta-ce. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, a zatonsa sarauta ce.

To, a Kakangi akwai wani dattijo, Abarshi, mai amya arba'in. Da ciyawa yake saƙa su, ya shafe da kashin shanu, ya rataye a kan ɗorawoyin cikin daji, zuma ta shiga ta zauna. A itatuwan nan ubansa ya rataye nasa tun ba a san mene ne gandu ba. Gonar Abarshi ba ta ciyar da gidansa wata huɗu. Sauran shekarar zuma ce ke riƙe da bakuna goma sha ɗaya. Kuma kowa a ƙasar ya sani, amyar da ke rataye ko ɓarawo ba ya taɓa ta.

Sai ga takarda: Baturen Daji na zuwa rangadi Kakangi. Malam Salmanu ya duba, ya ga shekara biyu bai kama komai ba sai ƙiraren mata. Da me zai tari Bature? Nan ya tuna da Abarshi. Ya je ƙofar gidan dagaci, ya sa aka kira tsohon, ya gyara hula.

"Doka ta ce itacen gandu ba maratayi ba ne. Ranar Laraba a sauko da amya goma sha biyu a jera su nan, Bature ya gani da idonsa. In ya gani, a cinna musu wuta, a bi sauran a daji."

Abarshi ya durƙusa. Mutumin da ya yi jika da Malam.

"Ranka ya daɗe, ɗorawa ta yi fure, yanzu suka cika. In aka ƙone su, da me zan ciyar da iyali?"

"Doka ba ta san iyali ba."

Tsohon ya tashi ya tafi gida. Ranar Laraba da asuba ya hau itatuwa, ya toshe bakin kowace amya da laka, ya zuro su da igiya, aka ɗauko su a hankali kamar jinjirai. Da ya ajiye sai ya ce, "Roƙona biyu, ranka ya daɗe. A sa su a inuwa. Kuma mai turare kada ya matso."

Malam ya yi dariyar masu ilimi. Ya sa aka jera su a tsakiyar fili, inda rana ta fi kyau, don Bature ya gani sosai. Sannan ya koma ya ƙara turare, tunda ranar ta manya ce.

Bature bai iso ba sai bayan azahar. Amya ta sha rana tun hantsi, tana gurnani ƙasa-ƙasa. Mutanen gari suka ja da baya, kowa ya kwance mayafinsa ya riƙe a hannu. Malam ya ɗauka kwarjininsa ne. Ya ƙame, ya sara wa Bature, ya buɗe murya.

"Ranka ya daɗe, ga shaidar aikina. Kafin zuwana dajin nan ba shi da uba. Yau kuwa ko ƙuda ba ya tashi a cikinsa sai da izinina!"

Ya ɗaga sanda mai bakin ƙarfe, ya ƙwala wa amyar farko. Laka ta faɗi.

Wayyo! Ashe ƙudan ba su sami labarin izinin ba. Suka fito baƙi ƙirin. Dagaci ya fizgi hannun Bature suka faɗa zaure, aka saki asabari. Mutanen Kakangi, da yake sun san zuma, kowa ya lulluɓa ya zauna tsit. Mutum ɗaya ne ya tsaya yana fifita da hula, yana ƙamshi kamar kanti, a gajeren wando. Zuma ta ce ga nata. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Malam ya yar da sanda, ya tsallake dangar dagaci, ya miƙe. Gabansa kuwa ba komai sai gandu. A ranar ne Malamin Daji ya fara shiga daji.

Abarshi ya kunna busasshen kashin shanu, ya zaga fili da hayaƙi har ƙura ta lafa. Bature ya leƙo daga zaure, da ɗan kumburi a kunne, ya tambaya da Hausarsa ta littafi wane ne mai amya. Aka nuna tsohon. Ashe abin da ya kawo Bature tun daga Zariya kakin zuma ne. Ana nemansa ruwa a jallo saboda yaƙi, ana so a ƙara rataye amya a gandu, ba a rage ba. Nan take ya ce a mayar da su kan itatuwansu, kada wanda ya sake taɓawa. Abarshi ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba, yana ta hamdala.

Malam kuwa shiru har la'asar sakaliya. Wani makiyayi, Bakoji, ya koro shanunsa shan ruwa, sai ya ga wani abu a cikin rafi, ruwa iya wuya. Fuska ta haye, idanu sun rufe, hula ta zauna daram ba takarda. Daga wurin kana jin dakan matan Kakangi raɗau.

Bakoji ya ce, "Subhanallahi! Bawan Allah, mutum ko aljan?"

Abin ya motsa kumburarren leɓe. "Ni ne Malamin Daji."

Sannan ya sassauta murya.

"Don Allah, ina hanyar gari?"