Wayar Kaka a Gado na Huɗu

"Lafiya lau, angon ƙarya," in ji tsohuwar. "Sai yau ka tuna kana da mata a asibiti?"

"Jiya ma na zo, na tarar kina minshari kamar injin niƙa."

Tela ya ja kujerar roba ya zauna gefen gadon kakarsa. Kwananta tara a ɗakin mata da karayar ƙugu, shi kuwa yau ransa a jagule yake. Tun a bakin ƙofa babbar nas ta tare shi, ta ce tsohuwarsu ta ishi kowa. Kullum da an kawo abincin rana sai ta kunna waya, ta ƙure ƙara, abu ɗaya ake ta maimaitawa. Marasa lafiya sun yi ƙorafi har sun gaji. In aka sake ji, za a karɓe wayar a kulle a durowa sai ranar sallama.

Shi kansa mutum ne mai tsaki a mota in wani ya buɗe sifika yana zuba wa jama'a sirrin gidansa. Yau ga abin ya biyo ta gidansu, kuma shi aka ɗora wa raba ta da wayar.

"An kawo mini ƙararki," ya ce. "Wai kin buɗe gidan rediyo a gado na huɗu."

"Ni? Kai da ka zo duniya da waya manne a hannu? Ranar da aka haife ka sai da ungozoma ta jira ka gama kira."

"Ni dai ba a taɓa kai ƙarata wajen nas ba. Ba ni wayar nan in ajiye, ko in sake ki yanzu in auri mai lafiyar ƙafa."

"Sake ni mana. Wa za ta kwashi miji siriri kamar allurar kekensa?"

Tana faɗa tana murmushi, amma hannunta ya riga ya shige ƙarƙashin filo ya damƙe wayar. Tela ya lura da haka, sai ya bar wasan. Ya sassauta murya ya tambaye ta abin da take saurare haka kullum.

Sai ta fito da wayar ta danna. Muryar kakansa, wanda ya rasu wata bakwai da suka wuce, ta cika ɗakin, har da ɗan tarin nan nasa: "Ina hanya. Kada ki ci ke kaɗai."

Iyakar saƙon ke nan. Ta ce shekara hamsin da ɗaya tare suke cin abincin rana, yanzu in ba ta ji wannan ba loma ba ta wuce mata. Ga kunne ya yi nauyi, da ta rage ƙara sai ta ji kamar mutumin ya ƙara nisa. Ta san tana damun mutane, kunyar faɗa musu dalili ce ta hana ta magana.

Tausayi ya kama Tela, kunya kuma ta rufe shi. Ya miƙe, ya tsallaka titi zuwa shagon kayan waya, ya dawo da iyafis, abin saurare na maƙalawa a kunne. Ya jona, ya maƙala mata ɗaya a kunne, ya danna. Babu wanda ya ji komai a ɗakin sai ita. Idonta ya ciko.

"Ya matso kusa," ta ce.

"Kin gani? Wane miji ne zai kawo miki abokin takararsa har cikin kunne, in ba ni ba?"

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ka ci gari, na ba ka." Ta tura masa farantin abincin da ya fara hucewa. "Ka dai ji abin da ya ce. Je ka wanko hannunka."