Sai Ƙafar Ta Ruɓe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Inshorar Lafiya, uban majinyata, gatan masu zaman benci.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta na ƙasa ga na sama, ina fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya, don ko maƙiyina ba na yi wa fatan ya gwada sabon tsarinku. Ni direban motar makaranta ne. Ana cire kuɗin inshora daga albashina tun kafin mu gaisa da shi, ban taɓa cewa uffan ba. Maiɗakina tela ce mai ciwon suga, kuma gyambo ya fito mata a ƙafar dama, wadda take taka keken ɗinki da ita. A kan wannan ƙafa na rubuto.

Na ɗaya, godiya. Na saurari muhawararku a rediyo ina tuƙi. Wani ya ce gyaran zai rage, wani ya ce zai faɗaɗa, suka yi ta kiran juna "ɗan'uwana mai daraja" har lokaci ya ƙare. Duk sun yi gaskiya. Nauyi ya ragu a wajenku, ya faɗaɗa a wajenmu.

Na biyu, da can inshora ke biyan wankin gyambo da maganin suga. Yanzu kun raɗa musu suna "ƙananan hidimomi", kun cire su, kun ce "manyan ayyuka" ne kyauta. Na tambayi ma'aikaciyar jinya me ake nufi da babban aiki. Ta dubi ƙafar, ta kau da kai, ta ce, "Yankewa, Malam. Wannan kam suna biya, har da gado da abinci." Wane irin karamci ne wannan, ranka ya daɗe? Wa ya taɓa jin mai kyautar da ke hana auduga ya ba da wuƙa?

Na uku shawara nake nema, tunda ku ne masu ilimi. Ranar da bandeji ya gagare mu, sai maiɗakina ta tafasa ragowar ƙyallayen ɗinkin mutane ta ɗaure. Jiya ƙafar ta wuni cikin leshi. To, ko kuskure muke yi? Na lura duk wankin da muka yi yana ƙara nisanta mu da alherinku. Mu daina ne? Kuma baƙin da ƙafar ta fara yi zai kai ina kafin mu cancanta, idon sawu ko gwiwa?

Ita dai abin wasa take mai da shi. Ta ce, "Baban yara, tambaye su ko suna karɓar yatsa ɗaya kafin alƙalami." Na taya ta dariya, sannan na shiga mota na rufe ƙofa. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, kuma ban san a wane aji kuka sa tsoro ba, ƙanana ko manya.

Likita ya ce in ana wanki da magani a kai a kai, ƙafar za ta tsira. In ba haka ba, mun kusa cin moriyar tsarinku gaba ɗaya.

Shekaranjiya na dawo da wuri, na ji keken ɗinkinta na tafiya yana tsayawa, yana tafiya yana tsayawa. Na leƙa ta taga. Ba ta san ina wurin ba. Koyon takawa take yi da ƙafar hagu.

Don Allah ka isar wa kwamiti cewa gyara ya fara aiki.

Naka mai biyayya, durƙushe har ƙasa,
Direban motar makaranta,
mijin tela mai ƙafa biyu, zuwa yau.