Gwaji Uku Sun Yi Ja a Cibiyar Mai Girma

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce na goya ɗiyata Adawiyya a bayan mashin, kwamfutarta na cikin jaka, muka bar Kafin Soli muna neman abu biyu da aka ce an wadata mu da su tun zaɓen da ya gabata: wuta da sabis. A Kankiya gidan mai na farko layi ya zagaye shi kamar ana rabon gado, na biyu kuma suka ce famfonsu yana hutawa. Sai da na tura mashin har na uku, ina zufa, ina yi wa manyanmu addu'ar da ta dace da su.

Ga abin da ya fitar da mu. Sunana Dawuda Ɗalha, haka aka raɗa mini, haka yake a katina. Amma da aka zo rabon takin bana, sai takarda ta fito da Dawuda ?alha. Mai rabo ya dubi takarda, ya dube ni, ya ce, "Malam, na'ura ma tana da tambaya a kanka, ni wane ne?" Haka na koma gida da buhu wayam, dawata ta yi rawaya ina kallo.

Adawiyya ta karanci kwamfuta, kuma ta gado taurin kan uwarta. Ta bi diddigi har ta gano inda cutar take: wani guntun manhaja ne da masu gina manhajoji ke ara, kamar yadda ake aron turmi a unguwa. Ba shi da mai shi. Aikin gayya ne, mutane daga ƙasashe daban-daban ke gina shi kyauta, kowa na iya kawo gyara. To shi wannan turmin bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Ta zauna ta koya masa. Sai dai masu kula da shi ba su karɓar gyara sai ya ci gwaji, kuma ranar Laraba za su rufe karɓar gyara su fitar da sabon zubi. In ta wuce, sai bayan watanni, lokacin an sake rajistar manoma, an sake manna mini alamar tambaya.

Unguwarmu kuwa kwana tara ba wuta. Shi ya sa muka nufi Cibiyar Fasahar Gobe da ke kan hanyar Kusada, wadda Mai Girma Garkuwan Masu Yanka Kyalle, Allah shi ƙara masa almakashi, ya buɗe da kiɗa da rumfuna.

Mai gadin wurin, Malam Ummaru, ya tarbe mu da fara'a. Kwamfutoci ashirin jere, kowace cikin ledarta, tsaf kamar kayan ɗakin amarya.

Na ce, "Malam Ummaru, an taɓa gwada su kuwa?"

Ya ce, "Ranar buɗewa an kunna ɗaya, Mai Girma ya ɗora yatsa, aka ɗauki hoto. Da yamma mai janareta ya zo ya ɗauki abinsa."

Soket ɗaya tak ke aiki, daga wata 'yar sola a kan rufi. Shi ma mun tarar da Manu, wani makiyayi daga Kaikai, ya jona wayarsa. Da ya ji labarina sai ya zare ta da kansa ya ce, "Bismillah, 'yata. Shanuna ba su kirana."

Ta ja benci bakin tagar gabas, don nan kaɗai sabis ke leƙowa. Ta ce da farko za ta keɓe wa aikin ɗan shingensa a cikin kwamfutar, kada ya cuɗanya da sauran kayanta. Ni ban gane ba, amma Manu ya gyaɗa kai. "Haka muke yi wa sabuwar saniya," in ji shi. Sannan ta shiga sauke kayan aikin da gwajin ke buƙata. Sau biyu sabis na tsinkewa tana komawa farko. Sai bayan azahar ta ce, "Baba, zo ka gani."

Ta buga layi ɗaya ta danna. Ɗigo-ɗigo kore suka fara gudu a fuskar kwamfutar. Ta ce kowane ɗigo tambaya ce ake yi wa manhajar: an ba ki kaza, kin mayar da abin da ya kamata? Tambaya ɗari biyu da sha biyu. Ina cikin murmushi sai ga ja. Ga wani. Ga na uku.

Na sassauta murya na ce, "Ke, goge ukun nan mana. Wa zai sani?"

Malam Ummaru, wanda ya daɗe kusa da manya, ya ce ba a gogewa, kwamiti ake naɗawa ya duba su, a ba shi wata shida.

Manu ya ce, "In saniya na ɗingishi, rufe ido ba ya kai ta mashaya."

Adawiyya ta sunkuya kan kwamfutar. Ta karanta jan rubutun, ta karanta kuma, sai ta dafe kai tana dariya. Ashe ƙananan haruffa ta koya wa manhajar, ta manta da manya: Ɓ, Ɗ da Ƙ. Wato da ta bi shawarata, da duk wani ɗan ƙaramin ɗ na duniya ya warke, ni Ɗalha ina nan da alamar tambayata.

Na ce, "Wane mugun ne ya rubuta gwajin da ya kama ki?"

Ta ce, "Ni ce, Baba. Tun kafin in fara gyaran na rubuta su."

Shekarata sittin da ɗoriya, na ga an buɗe rijiyar burtsatse da ruwan tanka, na ga gadar da ruwan farko ya tafi da ita tun fentinta bai bushe ba. Ban taɓa ganin wanda ya ɗana wa aikinsa tarko da hannunsa, tarkon ya kama shi, ya yi murna ba. Manyanmu, ranku shi daɗe, ba gori nake yi ba. Na san ku ma kuna gwaji: kuna gwada lasifika kafin jawabi, kuma ba ta taɓa ba ku kunya ba.

Ta ƙara layi uku, ta sake dannawa. Muka tsaya mu uku a kanta. Kore har ƙarshe. Manu ya yi kabbara, Malam Ummaru ya ce yau ce rana ta farko da aka yi fasaha a cibiyar, ya rasa ma a wane littafi zai rubuta. Ta tura gyaran kafin la'asar.

Washegari wata baiwar Allah daga ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba ta amsa: ta sake gwadawa a wurinta, ya ci, ta karɓa, ta gode. Ba rumfa, ba maroƙi. Ko masu rabon taki za su sauke sabon, wannan kuma in gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu.

Na zauna ina ba uwargida Kulu labari, ina cewa da za a riƙa yi wa alkawuran manya irin wannan gwaji da ƙasa ta gyaru. Ta saurare ni har na gama, sannan ta nuna kwanon rufin madafi, wanda na ce zan liƙe tun kafin ruwan bara.

"Malam," in ji ta, "wannan kore ne ko ja?"

Na ce mata na naɗa kwamiti. Laifi dai tudu ne, jama'a, kuma yau na ji nawa a tafin ƙafa.