Ranar Da Na Tsotsi Tiyo A Hanyar Ɗa'if

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka tafi ɗaurin auren ɗan unguwarmu a Ɗa'if. Ni haifaffen Makka ne, kuma duk unguwarmu ta Aziziyya an san ni da haukan mota. Tawa tana da supacaja, wato na'urar da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi. Iskar nan zafi take yi, sai an sanyaya ta da ruwa a wani akwati da ake kira intakula, famfo kuma shi ke zagayawa da ruwan. A zafin Makka famfon kamfani wasan yara ne, don haka na sayo ƙato, na sauya tiyo da masu faɗi, na ƙara tanki.

Irin wannan famfon ba ya jawo ruwa sama, a ƙasan tanki ake ɗaura shi ruwa ya gangaro masa. Na san haka sarai. Amma ja ne mai ƙyalli, raina bai yarda a ɓoye shi ba, sai na kafa shi can sama inda duk wanda na buɗe wa bonet zai gani (kuma ina buɗewa ko ba a tambaya ba).

Ranar tafiya aka ce in ɗauki Baba Habibu, mahaifin Rukayya, yarinyar da nake nema. Ya daɗe yana ja mini rai, yana cewa bai ga alamar natsuwa a wurin mai mota mai gurnani ba. Na ƙudurta yau zai sauya magana.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya komai lafiya, na bar ayarin motocin 'yan ɗaurin aure a baya ina ta yi wa Baba Habibu lacca kan tiyo. Da muka fara hawan dutsen Hada sai ruwan tanki ya karkata, famfo ya shaƙi iska, ya ci gaba da juyawa a banza. Zafi ya hau, mota ta janye ƙarfinta, har motar ɗaukar tumaki ta wuce mu. Na gangara gefe na tsaya.

Mutanenmu kuwa ba sa wuce motar da ta tsaya da dattijo a ciki. Ayarin nan kaf ya tsaya, har da motar mata, kuma Rukayya tana ciki. Birai ma suka sauko kan duwatsu suka zauna. Kowane direba ya roƙi Baba Habibu ya shigo tasa motar. Ya ce, "La, ya waladi, a'a ɗana, da yaron nan na fito, ina so in ga ƙarshen laccar."

Na kwance famfon na sauke shi ƙasan tanki, na ɗaure da wayar cajin wayata. Saura fitar da iska, kuma babu kayan aiki. Haka na durƙusa cikin farar jallabiyata mai guga, na kafa baki a tiyo na tsotsa. Ruwan ya zo gaba ɗaya. Na tofar, amma ya riga ya wanke mini gemu da ƙirji, ga shi ruwan sanyaya injin nan launin ruwan hoda ne. Dariyar da ta fito daga motar mata har yau ina jin ta. Kunya ta kama ni kamar in shige ƙarƙashin motar in zauna can.

Sai na ji famfo ya canza murya, tiyo ya yi sanyi a hannuna. Ayarin ya yi gaba, muka shiga, na taka. Jama'a, motar nan ta haye dutsen kamar ana jan ta da igiya, zafi bai ƙara motsi ba. Muka wuce ayarin ɗaya bayan ɗaya, har da mai tumakin. Baba Habibu ya riƙe hularsa yana salati, amma da na sassauta sai ya ce, "Yalla, taka mana, wa ya ce ka rage?"

Mu muka fara isa. Na sha shayi, na gaisa da dangin amarya da ƙirji ruwan hoda, ina jin kaina kamar ni ne angon. Da babana ya iso, Baba Habibu ya kama hannunsa a gabana ya ce, "Ɗan nan naka wawa ne, amma ba ya gudun kunya ya bar aiki. Ku zo gida ranar Juma'a."

Abin da na koya shi ne, famfo a ƙasan tanki yake zama komai kyansa. Kuma wanda zai je neman aure da motar da ya gyara da hannunsa, ya tafi da jallabiya ta biyu.